Ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi a filin unguwa: wa ya san abin yi?

Sakatare:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamitin gasar ƙwallon ƙafa ya zauna jiya bayan Isha, kuma akwai magana ɗaya da muka kasa yankewa, shi ya sa shugaba ya ce a kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Shawarar ita ce daga gasar bana ba za a yi wa ƙungiya rajista ba sai ta kawo sunan mutum biyu da suka koyi agajin gaggawa, musamman dannar ƙirji ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Kuma alƙali ba zai busa ba sai ya ga ɗaya daga cikinsu a bakin fili. Su ma alƙalan za su koya.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Surulere a Legas, ana tsakiyar wasan Najeriya da Angola na neman zuwa kofin duniya, ya rasu yana da shekara 25. Ranar 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a wasansu da Katsina United, shi ma bai tashi ba, kuma jaridu sun ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Sama da shekara 30 ke tsakanin su biyun. Waɗannan filayen gwamnati ne masu likita da mota. Mu a filin firamare muke buga tamu, abin da ke bakin layi kuwa buhun fiya wata ne da man zafi.

Koci Ɗanlami:
Wa alaikumus salam. Sakatare, da girmamawa, amma ku kwamiti kun fiye son ƙara wa talaka kaya. Kuɗin rajista, kuɗin alƙali, kuɗin riga, kuɗin motar zuwa wasa, duk daga aljihun koci suke fita. Yanzu kuma kuɗin koyon likitanci? Sannan yarana rabinsu kanikawa ne, rabi masu ɗinki. Ka ɗauki yaro ka koya masa abu na yini ɗaya, ya je ya hau ƙirjin ɗan mutane ya karya masa haƙarƙari ya ƙarasa shi, wa zai amsa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gola:
Koci, ai kai ko ruwan da kake sayo mana ba ya isa hutun rabin lokaci, hhhh.

Koci Ɗanlami:
Kai yaro ka kiyaye ni, ranar Asabar benci za ka zauna.

Anti Nas:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗanlami, tambayarka tana kan hanya, bari in amsa ta a matsayina na wadda aikinta ke nan a sashen gaggawa. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba a ƙara masa wata illa da ta wuce wadda yake ciki. Jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsirarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. To ka lissafa da kanka: kafin a gama ihu, a gama jayayya, a tsayar da adaidaita sahu, a ratsa cunkoson yamma, minti nawa ya tafi? Mafi yawan waɗanda ake kawo mana a wannan halin, a hanya aka rasa su, wasu ma tun a inda suka faɗi.

Haƙarƙari kuwa, e, yakan tsage wani lokaci, har a hannunmu ma'aikata. Yana warkewa cikin makonni. Ban taɓa ganin iyayen da aka mayar musu da ɗansu a raye suna ƙorafin haƙarƙari ba.

Kuma ba likitanci ba ne. Idan ɗan wasa ya zube ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ka ɗauka zuciya ce har sai ya nuna maka ba ita ba ce. Ka durƙusa, ka daddaki kafaɗarsa, ka kira sunansa da ƙarfi. Ka kalli ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa 10. In bai amsa ba kuma ba ya numfashi irin na lafiya, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai kira 112, wato lambar kiran gaggawa, ka nuna wani ka ce kai nemo mota. Kada ka ce “a kira mota”, don kowa zai zaci wani ya kira. Sai ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka sa gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka. Ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kusan biyu ke nan duk daƙiƙa, kuma kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace danna. Wanda ya samu horo yakan danna 30 ya hura masa iska a baki sau 2. Wanda bai samu ba, ko yake ƙyama, ya yi ta dannawa kawai ba tsayawa. Hakan kaɗai yana ninka damar tsira sau biyu har uku. Kanike ma ya fi ni ƙarfin damtse.

Gola:
Anti, yanzu da gaske nake. To maganar harshe fa? Mu abin da muka taso muka gani shi ne a yi maza a ɓamɓare bakin a sa cokali ko a jawo harshen kada ya haɗiye shi. Har a talabijin ana yi, a yi ta yaba wa wanda ya yi.

Anti Nas:
Ƙanena, babu wanda yake haɗiye harshensa. A ɗaure yake a ƙasan baki, taɓa naka ka ji. Abin da ke faruwa shi ne idan mutum ya suma harshen yakan saki ya koma baya ya tare hanyar iska, maganinsa kuwa a ɗan ɗaga haɓa a karkata kai baya, shi ke nan. Cokali yana karya haƙori, haƙorin ya faɗa maƙogwaro, kai kuma a gantsara maka cizo. Babbar asarar ma ita ce lokaci. Likitocin zuciya sun bi bidiyoyin 'yan wasan da suka faɗi a fili, suka tarar a mafi yawansu abin da mutanen farko suka fara yi shi ne kokawa da baki, ba wanda ya taɓa ƙirji.

Akwai abu biyu kuma da ke yaudarar mutane. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani irin kakari jefi-jefi, kamar mai minshari ko mai shaƙuwa, sai a ce ai yana numfashi, a tsaya ana yi masa fifita. Wannan ba numfashi ba ne. Wani kuma yakan yi 'yar jijjiga, sai a ce farfaɗiya ce ko iska ce ta buge shi, a ja da baya. In jijjigar ta lafa kuma babu numfashin kirki, a hau ƙirji.

Baba Rafali:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni na girme ku duka a nan, ranar Okwaraji ina da wayona sarai. A lokacin ba mu taɓa jin wani abu wai dannar ƙirji ba. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Shekaru ina busa wasa, yara da yawa sun suma a gabana, an sheƙa musu ruwa sun tashi sun ci gaba da wasa. Yanzu za ki ce ruwan ma laifi ne?

Anti Nas:
Baba, waɗanda suka tashi da ruwa, da ba a zuba ba ma za su tashi, don zuciyarsu ba ta tsaya ba. Suma ce ta gajiya ko ta yunwa ko ta zafi. Ruwa yana da wurinsa, babba ma kuwa. Idan zafin rana ne ya kayar da mutum, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi amma yana numfashi, to ruwa ne maganinsa: a kai shi inuwa, a cire masa riga da safa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin a ɗauke shi. Jikin da ya haura digiri 40 ba ya jiran asibiti. Wanda ya suma yana numfashi kuma a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Abin da ba a yi shi ne ɗura wa sumamme ruwa ko madara a baki, huhu yake tafiya. Duk maganar a kan tambaya ɗaya take, Baba: yana numfashi ko ba ya yi? Ita ce ake koya wa mutum ya amsa cikin daƙiƙa 10.

Baba Rafali:
To na ji. Amma “ya tashi ya ci gaba da wasa” ɗin fa, shi ma kin soke?

Anti Nas:
Na soke, Baba. Wanda ya suma a fili ya gama wasan ranar, sai likita ya duba shi. Sau da yawa wannan sumar ita ce gargaɗin farko.

Na Allah:
Ni dai duk ina karantawa, amma gaskiya ɗaya ce. In kwana ya ƙare, ko likitocin duniya za su taru ba su ƙara daƙiƙa. Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru, a Faransa ya faɗi ya rasu, ba a Kurna ba. Cheick Tioté, ɗan wasan Kwaddibuwa, shi ma a Sin ya faɗi ya rasu. Me suka rasa?

Malam Liman:
Malam Na Allah, maganarka gaskiya ce amma ka ajiye ta ba a muhallinta ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan babu Musulmin da ke musu. Sai dai wa ya sanar da kai cewa na wannan yaron ya zo? Ba kai ba, ba ni ba. Abin da aka ɗora mana shi ne riƙo da sababi. Mai raƙumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya sake shi ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Kuma aya ta 32 a Suratul Ma'ida kowa ya san abin da ta ce game da wanda ya raya rai guda. Ceton wanda ke halaka farilla ce ta kifaya. In duk filin babu wanda ya iya, alhali akwai hanyar koyo, to kowa yana da kamasho. Ba don haka ba me ya sa Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam kowacce take da rundunar 'yan agaji?

Ɗan Garwa:
Tunda an ambaci Foé bari in sa baki, don mu a Kamaru wannan ciwon bai warke ba. Ranar 26 ga Yuni 2003 ne, a birnin Liyon, wasan kusa da na ƙarshe da Kolombiya a gasar zakarun nahiyoyi. A tsakiyar fili ya zube, babu kowa kusa da shi, minti na 72. Shekararsa 28. Binciken gawa ya nuna naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da kima, ciwon da mutum zai iya rayuwa da shi bai sani ba. Amma Malam Na Allah, duba abin da ya biyo baya. Bayan rasuwarsa ne hukumar FIFA ta matsa a riƙa gwada zuciyar 'yan wasa kafin manyan gasa, kuma a ajiye na'urar tayar da zuciya a bakin fili. Kusan shekara 9 bayan nan, ranar 17 ga Maris 2012, Fabrice Muamba na Bolton ya faɗi a filin Tottenham. Minti 78 zuciyarsa ba ta aiki da kanta, ana danna masa ƙirji tun daga kan ciyawa har asibiti, har wani likitan zuciya da ya zo kallo ya sauko daga cikin 'yan kallo ya taimaka. Yana nan da ransa. Kwanan Muamba bai ƙare ba, amma da hannun mutane Allah ya nuna hakan.

Injiniya:
Madalla, ka kawo ni inda nake so. Muamba da Eriksen duk na'ura ce ta tashe su. Christian Eriksen, ɗan wasan Denmak, da ya faɗi ranar 12 ga Yuni 2021 a wasan Denmak da Finlan, cikin 'yan mintuna aka manna masa na'urar aka girgiza zuciyar ta dawo, shi ya sa a 2022 muka gan shi yana buga wa Brentford. Mu muna da ita? Ba mu da ita. Kuɗinta ya fi ƙarfin kofinmu gaba ɗaya. Danna ƙirji ba tare da na'ura ba, ba wahalar banza ba ce? Ina tambaya ne don in fahimta, ba don gardama ba.

Anti Nas:
Injiniya, rabin maganarka haka take. A mafi yawan 'yan wasa zuciyar ba cak take tsayawa ba, karkarwa take shiga yi ba tare da tura jini ba, kuma wutar na'urar ce ke katse karkarwar. Hannu shi kaɗai ba kasafai yake dawo da ita ba. Amma hannun ne ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kai ga na'urar. In ba a danna ba, ko an isa inda take babu abin da za ta tayar. Kai ka fi ni sanin wannan: kamar janareto ne da ke riƙe firij kafin a kawo wuta. Shi kansa Eriksen sai da aka fara danna masa ƙirji kafin na'urar.

Ita na'urar kuma kada sunanta ya tsorata ku. Kana kunna ta za ta yi maka magana, ta ce manna nan, manna can, kowa ya janye hannu. Ita ke auna zuciyar, in ba a buƙatar wuta ba za ta bayar ba ko ka danna maɓallin. Sai dai a goge ƙirjin ya bushe kafin a manna.

Injiniya:
To in haka ne, sai mu san asibitin da ya fi kusa da kowane fili da ke da ita. Ba kowane asibiti ba ne, balle kemis. Kuma a adaidaita ba za a iya danna ƙirji ba, mutum a zaune yake. Sai a-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujera, mutum biyu suna karɓeɓeniya a baya. Ina ganin kowane wasa a samu mai irin wannan motar ya ajiye ta a bakin ƙofa, gabanta yana kallon titi, kuma kada a bari babura su toshe ta. Ƙofar filinmu ta gabas ko mutum da kyar yake ratsawa ranar wasan ƙarshe.

Anti Nas:
Wannan ita ce magana. Karɓeɓeniyar ma duk minti 2 ake yi, don hannu yana gajiya mai shi bai sani ba. Shi ya sa mutum biyu ma sun yi kaɗan a wurina.

Mai Shayi:
Ku yi haƙuri, ni ba ɗan boko ba ne, amma akwai abin da kowa ke tsoro ba wanda ya faɗa. Ka taɓa mutum ya cika a hannunka, wa za a fara tambaya? Kai. Wani maƙwabcinmu ya ɗauki wanda mota ta kaɗe ya kai asibiti, sai da ya kwana yana rubuta bayani, 'yan uwan mamacin ma suna yi masa kallon shi ne direban. Tun daga nan ko kaza ya gani a titi ba ya tsayawa.

Barista:
Malam, tsoron nan na gaske ne, ba zan ce maka babu shi ba. Amma filin ƙwallo ba titi ba ne da tsakar dare. Mutum ɗari suna kallo, rabinsu da waya a hannu suna ɗauka, ga alƙalin wasa da zai rubuta rahoto. Shaida ta yi yawa. Abin da nake ba kwamiti shawara shi ne takardar da kuke kai wa 'yan sanda ta neman izinin gasa, ku haɗa da sunayen masu agajin kowace ƙungiya da shaidar horonsu. In wani abu ya faru, an san da su tun farko, aikin da aka sa su suka yi. A ɓangaren asibiti kuma, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma akwai tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Ko ana bin dokar ko ba a bi wata magana ce, amma wanda ya san da ita ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda bai sani ba.

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu “yaro, yaro” nake ji. Ni 'yan mata nake horarwa a makarantarmu, ƙwallon hannu da guje-guje, kuma ranar wasannin gidaje duk masu busa da masu riƙe agogo maza ne. In yarinya ta faɗi, wallahi na san abin da zai faru, za a tsaya cirko-cirko ana neman mace. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma bincike ya nuna mata sun fi maza rasa wanda zai danna musu ƙirji in sun faɗi a cikin jama'a. Malam Liman, ina son jin bakinka a nan, don in na faɗa da kaina cewa za a yi ra'ayina ne. Sannan in za a yi horon nan, a ba mu gurbi.

Malam Liman:
Malama, larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar. In akwai mace da ta iya a kusa, ita ce a gaba. In babu, namiji ya yi, kuma wanda ya tsaya yana kallo rai ya fita saboda kunya, kunyarsa ba ta addini ba ce. Sauran mata su kewaye su da mayafai su suturta ta.

Anti Nas:
Dannawar ma ta saman riga ake yi, na'ura ce kawai ke buƙatar fata. Suturar kuma ai haka 'yan wasan Denmak suka yi wa Eriksen, suka yi masa da'ira suka tare kyamara.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan abin da ya fi kayar mana da yara zafi ne. A watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, amma a sa wasa ƙarfe huɗu saboda babu fitila. A kofin duniya na 2014 a Brazil, wasan Holan da Meziko sai da alƙali ya tsayar aka sha ruwa, su da suke da komai. Mu kuwa koci yana ganin shan ruwa ragwanci ne. Ga masu buga wasa da azumi daf da magariba. Ga kuma abin da ba a son faɗa, yaran da ke haɗiyar tiramol kafin wasa wai don kada su gaji. Anti, shi wannan ba ya jawo faɗuwa?

Anti Nas:
Yana jawowa, yana sa jijjiga, in ya yi yawa yana danne numfashi. Kuma in an kawo yaro asibiti a gaya mana gaskiyar abin da ya sha, ba kama shi za mu yi ba. Ƙara da masu buga wasa da zazzaɓi a jiki, da masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila, da ake tilasta wa gudu ba hutu cikin rana, don su ma sukan zube, kuma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Amma in kuna son gaskiya, waɗanda na fi ji wa tsoro ba samarin ba ne. 'Yan wasan safiyar Lahadi ne, masu shekara 40 zuwa sama, ga tumbi ga hawan jini, mako guda a zaune a ofis ko a shago, ranar Lahadi a ce sai an nuna ana nan.

Alhaji Kyaftin:
Hajiya, wannan jifa ce, kuma ta same ni. Ƙungiyarmu ta dattawa za ta shiga horon, kuma kuɗin ruwa da abincin ranar na ɗauka.

Gola:
Saura karaya, Anti. A unguwarmu ana jin ƙas sai a ce a ja ƙafar a miƙe ta kafin a kai wa maɗori.

Anti Nas:
Kada a ja. A tallafe ta yadda take da katako ko kwali mai kauri, a ɗaure sama da ƙasan wurin, in akwai jini a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne irinku gololi da masu karo da kai. In mutum ya faɗi a kan wuyansa, ko ya ce hannunsa ko ƙafarsa sun mutu, kada a cicciɓe shi mutum huɗu kowa ya kama gaɓa ɗaya kai yana lilo. Haka ake mayar da tsagewar ƙashi ta zama shanyewar jiki. A riƙe kan yadda yake. Wanda kuma ya bugu a kai ya tashi yana tambayar ci nawa ne, ko yana jiri, a fitar da shi ko da shi ne mai ci muku ƙwallo.

Ɗan Agaji:
Ni ina cikin 'yan agaji, kuma na yi horo da Red Cross. Koci Ɗanlami, maganar kuɗi ba ta kai yadda kake tsoro ba in an haɗu an yi a wuri ɗaya. Abin da ake buƙata aji ɗaya, tabarmi, da mutum-mutumin gwaji. Shi ne dole, don karanta bayanin Anti a waya daban, jin yadda ƙirji ke nutsewa a ƙarƙashin hannunka daban. Mafi yawan masu koyo shafa suke yi a karon farko, ba danna ba. Kuma kada a gwada a jikin mai lafiya. Kwamiti ya rubuta wa reshen Red Cross na jiha, ko ya nemi ma'aikatan asibitin koyarwa da ke zaune a unguwannin nan, ba za a rasa masu zuwa ba. Sai dai hannu yana mantuwa, in ba a maimaita ba kafin shekara ta zagayo an koma gidan jiya. A mayar da shi kafin kowace gasa.

Koci Ɗanlami:
To, na ji bayani, kuma ban ƙi ba. Amma ni na san mutanenmu. Kuna cewa sai da takardar shaida, gobe za ku ga an buga ta a shagon kwamfuta har da hatimi. Ƙungiyoyin masu kuɗi su kawo takarda, mu a hana mu rajista. In da gaske ake, a bar maganar takarda. Ranar rajista a ajiye mutum-mutumin nan a gaban teburin Sakatare, kowa ya durƙusa ya yi minti 2 a gaban Anti. Wanda ya iya ya wuce.

Baba Rafali:
Yau Ɗanlami ya yi maganar manya.

Barista:
A haɗa biyun. Gwajin don fili, takardar don ofishin 'yan sanda.

Sakatare:
Na rubuta duka zan kai wa shugaba: mutum uku daga kowace ƙungiya maimakon biyu, alƙalai duka, gurbi ga Malama Hadiza da malaman makarantarsu, gwaji a kan mutum-mutumi ranar rajista, mota a bakin ƙofa, da hutun shan ruwa a tsakiyar kowane rabi muddin ana zafi. Injiniya, kai za ka zagaya asibitocin da ke kusa da filayen nan uku ka gano masu na'urar. Maganar sayen tamu kuma za mu kai wa masu ɗaukar nauyin kofi, ko da za a rage kuɗin kyauta. Abin da ya rage shi ne hukuncin ƙungiyar da ta zo wasa babu mai agajinta. Wasu sun ce a ba abokan karawarta maki uku.

Koci Ɗanlami:
Maki uku? A'a, wannan kuma ban yarda ba. Yarona ya tafi ɗaurin aure Gusau sai a ƙwace min wasa a tebur? A ci tara dai, a zuba kuɗin a asusun na'urar, a buga wasan da masu agajin ɗaya ƙungiyar. Sakatare, ka rubuta wannan ma, kuma ka sa sunana a cikin ukun namu, da Gola, na ukun zan turo maka da daddare.